Gawo Ba Ya Wa'azi



Akwai wata magana da ta samu gindin zama a bakunanmu a nan Madarunfa: wai "halina shi ne wa'azina, ba sai na buɗe baki ba." Ina da ja a kanta.

Masu faɗin haka sukan kafa hujja da Danja. Gaskiya ne, tun 1956 ma'aikatan mishan ta SIM suke wanke gyambon kutare a can, a zamanin da dangi ma ke gudunsu, kuma tun 2012 ake yi wa mata aikin yoyon fitsari. Wa zai raina wannan? Amma waɗanda suka kafa wurin ba bebaye ba ne. Sun sha wahalar koyon Hausa domin su faɗa wa majinyaci saboda wa suke wannan hidima. Hannun da ya ɗaure rauni da bakin da ya ambaci sunan Yesu duk na mutum ɗaya ne. Haka Tony Rinaudo, wanda daga 1983 ya koya wa manoman Maraɗi raya tohon kututture har gonaki suka sake yin itatuwa. Manomi ya samu inuwa da itacen girki, madalla. Sai dai gawo ba ya wa'azi.

Mu duba maƙwabcinmu Musulmi. Yana fitar da zakka, yana ciyar da almajiri, yakan riga mu zuwa gidan rasuwa. Sau da yawa ma ya fi mu buɗaɗɗen hannu, mu faɗi gaskiya. In ka ranta masa tiya biyu ta hatsi da damina, lokacin da rumbu ya ƙare, me zai ce? Zai ce wane mutumin kirki ne. Kai ya yaba. Labarin gicciye da tashi daga matattu ba ya cikin tiyar hatsi. Wasiƙar Yaƙubu da ake yawan jawo mana ta tsawata wa bangaskiyar da ba ta da aiki ne, ba ta umarci kowa ya yi shiru game da bangaskiyarsa ba.

Na san tushen shirun nan, domin ni ma yana cikina: tsoro ne. Mun tuna majami'un da aka ƙone a Damagaram da Yamai a Janairun 2015, da wadda aka ƙone a Maraɗi a 2019. Mai tsoro ya ce yana tsoro, mu yi addu'a tare da shi. Kada dai ya naɗa wa tsoron rawani ya kira shi hikima.

Ban ce a kafa lasifika a bakin tafki ana zagin addinin mutane ba, ban kuma ce a mai da magani tarko ba. Wannan abin kunya ne. Amma ranar da maƙwabcinka ya tambaye ka me ya sa ka yafe wa wanda ya ci maka iyakar gona, kada ka ce "ai haka Allah ya yi ni." Ka gaya masa wanda ya fara yafe maka.