An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Tsokaci A Kan Fim Ɗin Sin Nombre

Duk wanda ya kalli Sin Nombre, fim ɗin da Cary Fukunaga ya fitar a 2009, da wuya ya manta da shi. Ga Sayra, 'yar ƙasar Honduras, tsugune bisa rufin jirgin ƙasa na kaya, tana ratsa Meziko don shiga Amurka ta ɓarauniyar hanya. Ga kuma Casper, ɗan dabar Mara Salvatrucha, wanda ya sare ubangidansa a kan jirgin, sauran 'yan dabar suka shiga farautarsa. Labari ne mai sosa zuciya, ban musa ba.

Amma fa, ya mai karatu, da sauran magana. Mai kallo zai tashi da zaton cewa wannan daba tsiron kudu ce, mai neman malalowa arewa. Alhali kuwa a birnin Los Angeles aka yanke mata cibiya, cikin shekarun 1980, tsakanin matasan Salbado da suka tsere wa yaƙin basasa, yaƙin da Amurka ta tallafa wa gwamnatin ƙasar da kuɗi da makamai. Bayan wata doka ta 1996, sai aka riƙa kwasarsu ana mayarwa ƙasar da waɗansunsu suka baro tun suna goye. A can dabar ta yi rassa.

Gaskiya ne fim ɗin ya ambaci cewa koro mahaifin Sayra aka yi daga Amurka. To, ina labarin korar 'yan dabar? An nuna mana zane-zanen da ke fuskokinsu dalla-dalla, amma ba a nuna jirgin saman da ya sauke magabatansu ba.