Idan 'yarki ta ce za ta ƙasar waje karatun ruwa da masai

 

A ce yau 'yarki da ke jami'a ta bugo miki waya, ta ce an saka sunanta cikin ɗaliban da za su je wata ƙasa su yi makonni uku ko huɗu a ƙauye, suna koyon aikin ruwan sha da masai da tsaftar jiki. Na san abin da zai fara faɗo miki a rai. Wane irin karatu ne kuma wannan? 'Ya'yan mutane na zuwa waje karatun likita da lauya, tawa kuma sai leƙa masan mutane? Kafin ki ce a'a, ko ki ce to ki fara neman kuɗin jirgi, bari mu duba abin da ake yi a irin wannan tafiya, domin akwai mai amfani ƙwarai, akwai kuma wadda yawon buɗe ido ce aka lulluɓe da sunan karatu.

Zan ɗauki misali da Tamale, babban birnin arewacin Ghana, don tana cikin wuraren da ɗaliban waje suka fi zuwa wannan aiki a yankinmu. Yanayinta bai bambanta da namu sosai ba: damina ɗaya, sai dogon rani da hunturu. A ƙauyuka da yawa na kewayenta ana haƙa burtsatse a tarar babu ruwan kirki, saboda haka mutane sun dogara da tafkunan da aka haƙa don tare ruwan damina. Nan mata ke ɗiba, nan shanu ke sha, ruwan kuma jajir kamar kunun kanwa. A irin waɗannan tafkuna ne kurkunu ya yi ta'adi shekara da shekaru. A 1989 an ƙirga masu kurkunu kusan 180,000 a Ghana, a 2010 aka ga na ƙarshe, a 2015 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar ƙasar ta rabu da shi, bayan Najeriya da Nijar. Abin lura shi ne, kurkunu ba shi da allurar rigakafi, ba shi da ƙwayar da ake sha a warke. Da ƙyallen tace ruwa aka ci ƙarfinsa, da hana mai ciwon shiga tafki, da bin gida-gida ana magana da mata.

Kurkunu ya tafi, amma gudawa da taifot suna nan. Shi ya sa a 2008 wasu mata biyu da suka yi karatu a jami'ar MIT ta Amurka suka kafa wata ƙungiya a Tamale, wadda yanzu ake kira Saha Global. Ta yi shekaru tana kawo ɗalibai daga Amurka su yi mako uku, kowane rukuni da ƙauyensa. Aikin babu wani inji a cikinsa. Matan da ƙauyen ya zaɓa su ɗebo ruwan tafki su zuba a durom, su sa masa alif, wanda wasu ke kira alam, ya kwana laka ta kwanta. Da safe su tsiyaye mai kyan su juye a babban tanki, su sa ƙwayar kulorin, sannan su sayar wa maƙwabta a kan ɗan kuɗi kaɗan, wanda da shi za su sayi alif da kulorin na gaba. Kowane gida kuma a ba shi bokiti mai murfi da ɗan famfo a gindinsa.

Ki riƙe maganar bokitin nan, don a nan karatun yake.

Abu na farko da ake koya wa ɗalibi shi ne awon ruwa. Za ta ɗebi mililita 100, wato ƙasa da rabin kofin shayi, a cikin kwalba ko leda mai tsafta da aka tanada. A tace ruwan ta wata 'yar takarda mai ƙananan ƙofofi, a ɗora takardar a kan abincin ƙwayoyin cuta, a ajiye a wuri mai ɗumi kamar ɗumin jikin mutum na tsawon kwana ɗaya. Kashegari sai ta ƙirga ɗige-ɗigen da suka fito. Ƙwayar da ake nema sunanta E. coli, a hanjin mutum da dabba take zama, saboda haka ganinta a ruwa yana nufin kashi ya shiga ruwan, babu wata kwana-kwana. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada a samu ko ɗaya a cikin mililita 100 ɗin nan. Idan ɗigon ya haura 100, ruwan yana cikin rukuni mai hatsari sosai.

Ɗalibar ba a bakin tanki kaɗai take ɗiba ba. Takan bi ruwan har gida, ta ɗiba a abin da aka ɗauko shi, ta ɗiba a randa, ta ɗiba a moɗar da yaro zai kai baki. Abin da bincike ya sha nunawa a ƙasashe daban-daban shi ne, ruwan da ya bar famfo ko burtsatse da tsaftarsa, sau da yawa kafin ya isa bakin mai sha ya gurɓace. Jarkar da ba a wanke cikinta ba, randar da bakinta ke buɗe, moɗar da aka ajiye a ƙasa aka sake tsoma ta, hannun yaron da ya fito daga bayan gida ya nutsa har wuyan hannu yana ɗiba. Ido ba ya ganin komai, ruwan garau, ga sanyi ga ƙanshin ƙasa. Shi ya sa aka ce bokiti mai famfo: a zuba ta sama a rufe, a tsiyaya ta ƙasa, hannu da moɗa ba su da hanyar shiga.

To ki duba kusurwar da randarki take. Ni ban ce ki fasa ta ba, don babu firijin da ya kai ta daɗin ruwa ranar da babu wuta. Amma murfi mai zama daidai, da moɗa mai dogon hannu da ake ratayewa, wadda ba a sha da ita sai dai a tsiyaya a kofi, da wanke randar kafin a sake cika ta, duk ba su kai kuɗin ledar ruwa ɗaya a asibiti ba. Gudawa tana kashe yara 'yan ƙasa da shekara biyar sama da 400,000 a duniya kowace shekara, yawancinsu a Afirka da kudancin Asiya.

Akwai kuma dalilin da ya sa matan Tamale ke fara sa alif kafin kulorin. Alif laka yake kwantarwa, ba ya kashe ƙwayoyin cuta yadda ya kamata. Kulorin yana kashewa, amma idan ruwa ya yi dagwalo ƙarfinsa a lakar yake ƙarewa. Da yawa cikinmu muna sa alif a ruwan 'yan garuwa ko na rijiya, da mun ga ya yi haske sai mu ce ya sha. Rabin aiki aka yi. Sauran shi ne a tafasa, ko a sa ƙwayar kulorin bisa awon da aka rubuta a jikin takardarta, a jira minti 30 kafin a sha.

Ɓangaren masai shi ne wanda iyaye suka fi ƙyama, shi ne kuma ya fi wuyar koyarwa a aji. Wani masani ɗan Indiya, Kamal Kar, ya fito da wata dabara a Bangaladash wajen shekarar 2000, bayan an lura cewa gina wa mutane masai kyauta ba ya hana su zuwa daji; wasu ma ɗakin ajiye hatsi suke mayar da shi. A dabararsa ba a raba siminti ko kwano. Ana zagaya gari tare da mutanen garin, su da kansu su nuna inda ake bahaya, su zana taswirar garin a ƙasa, su lissafa yawan abin da ake zubarwa a wata. Sai mai jagorantar zaman ya taɓa silin gashi a kashi, ya tsoma a kofin ruwa, ya miƙa ya ce wa zai sha? Kowa ya ƙi. Sai ya tambaye su ƙafa nawa ƙuda ke da shi, kuma ina yake sauka bayan ya tashi daga can. Wannan dabara ta bazu zuwa Ghana da Najeriya da Nijar, kuma da irinta aka yi aiki har Jigawa ta zama jiha ta farko a Najeriya da aka ayyana ta daina bahaya a fili, a 2022. Ni dai ina da ja a kan yadda wasu ke yin ta, don kunyata talaka a gaban baƙi abu ne mai sauƙin wuce gona da iri. Ɗalibar da ta ga an yi shi da mutunci, ta kuma ga inda aka yi shi da wulaƙanci, ta koyi abin da littafi ba zai ba ta ba.

A nan ne kuma za a nuna mata tazarar da ta kamata tsakanin masai da rijiya, wadda akan ce kada ta gaza mita 30, da cewa kashin jariri ba mai tsarki ba ne kamar yadda kakanninmu ke ɗauka. Yana ɗauke da ƙwayoyin cuta kamar na babba, ko ma fiye, don haka fo ɗin yaro masai ake juye shi, ba bayan ɗaki ko kwata ba, a kuma wanke hannu da sabulu. Wanke hannu da sabulu kaɗai yana rage gudawa da kusan kashi 30 cikin 100.

Sai mu zo kan maganar da masu tallar irin wannan tafiya ba sa son yi. Mako uku ba ya gyara ƙauye. Wanda ya fi cin riba shi ne ɗalibin, ya koma gida da ilimi da hotuna da abin rubutawa a takardar neman aiki. Ƙauyen kuma abin da ya rage masa ya danganta da wanda zai ci gaba da aikin bayan motar baƙi ta tashi. Ƙiyasi ya nuna cewa a ƙasashen Afirka kudu da Sahara, kusan ɗaya cikin kowane famfon tuƙa-tuƙa huɗu ko biyar ba ya aiki a kowane lokaci. Ke ma kin san irinsu, an yi bikin buɗewa da allo mai sunan masu taimako, shekara biyu wata 'yar roba ta lalace, babu wanda ya san inda ake sayar da ita. Abin da ya sa tsarin matan Tamale ya burge ni shi ne alif a kasuwa yake, durom a kasuwa yake, masu aikin kuma a garin suke kwana.

Saboda haka tambayar farko da za ki yi wa 'yarki ita ce: wa ke karɓar su a can, kuma shekara nawa ya yi yana aiki da ƙauyen? Idan wata jami'a ce ko ƙungiya mai ma'aikata 'yan ƙasa da ke komawa duba aikin duk wata, magana ta yi kyau. A Tamale ɗin ma akwai Jami'ar Nazarin Ci Gaba, UDS, da aka kafa a 1992, wadda ke tura ɗalibanta su zauna a ƙauyuka na makonni a zango na uku na shekarar karatu, kuma wannan wajibi ne a tsarinta. A Wagadugu ta Burkina Faso kuma akwai makarantar injiniyoyin ruwa da muhalli da ake kira 2iE, inda 'yan Nijar da sauran ƙasashen yankin ke karatu. Ƙasar waje ba sai an haye teku ba.

Ki kuma tambaye ta kwana nawa za su yi a cikin gidajen mutane, kwana nawa a otal ana nuna musu majigi. Za ta riƙe kwalbar awo da hannunta? Sakamakon awon za a koma a faɗa wa matar da aka ɗebi ruwan randarta, ko za a tafi da shi a kwamfuta? Ana neman izini kafin a ɗauki hoton yaran mutane da masansu? Idan ba ta san amsa ba, ta tambayi malamin da zai raka su. Malamin da ya san abin da yake yi ba zai ji haushin tambayar ba.

Kada kuma ki ɗauka 'yarki za ta je ne a matsayin 'yar kallo a bayan Turawa. Ta fi su kayan aiki. Ta san sallama da jiran izini a ƙofar gida, ta san durƙusa wa tsohuwa, ta san buta da randa da guga ba sai an yi mata bayani ba. A kasuwar Tamale da unguwannin zango za ta yi ciniki da Hausa, ko da yake a ƙauyukan Dagombawa sai da tafinta, don Dagbanci suke yi. Kasancewarta mace kuma ita ce za a bari ta shiga har ɗaki, ita 'yan mata za su gaya wa dalilin da ya sa suke fashin makaranta lokacin al'ada idan makarantar ba ta da masai mai ƙofa da ruwa. Wannan magana ba a faɗa wa namiji mai riƙe da takarda da biro.

Abin da ya rage shi ne na uwa: inda za ta kwana da su waye, ko akwai malama mace a cikin tawagar, lambar wanda za ki kira, da asibitin da ya fi kusa. Kuɗin ma ki nemi a rubuto miki dalla-dalla, ki biya ta hannun jami'arta, ba ta asusun wani da aka haɗu da shi a intanet ba. 'Yar Najeriya ba ta buƙatar biza don shiga Ghana, fasfon ECOWAS ya wadatar. Ta tafi da gidan sauro da sinadarin haɗa ruwan gishiri da sukari, in kuma tafiyar ta faɗo lokacin zafi a tambayi likita batun rigakafin sanƙarau, don arewacin Ghana na cikin yankin da yake ɓulla. Katin rigakafin shawara kuwa ana tambayarsa a bakin shiga ƙasar, kuma ba ya fara aiki sai allurar ta kwana 10, don haka kada a bar ta sai satin tafiya.