GINA GIDA A JIMETA: AJIYA CE KO NEMAN RIBA?

Kowace shekara idan Babbar Salla ta gabato, tashoshin mota na Agege da Sabon Badun da Anacha da Fatakwal sukan cika da mutanen Adamawa masu haramar gida. Ban da tsarabar iyali, da yawa daga cikinsu sukan tafi da kuɗin da suka daɗe suna tarawa, da niyyar sayen fuloti a Jimeta ko ƙara bulo a kan ginin da aka fara shekarun baya. In aka tambayi ɗayansu dalili, amsar guda ce, wato ƙasa ba ta faɗuwa, gida kuwa jari ne. Rabin wannan magana gaskiya ne, ɗaya rabin kuwa shi ne ya karya fatake masu yawa ba tare da sun san abin da ya karya su ba.

Ba shakka wanda ya sayi fili a Jimeta tun da wuri bai yi asara ba. A 1976 Janar Murtala Muhammed ya ƙirƙiro Jihar Gongola, Yola ta zama babban birninta, ma'aikatu da ma'aikata suka kwararo Jimeta. A 1981 aka kafa jami'ar fasaha ta tarayya, wadda ake kira Jami'ar Modibbo Adama yanzu, a 1991 kuma aka raba Gongola aka sami Adamawa da Taraba, Yola ta ci gaba da riƙe matsayinta. Gonaki suka koma unguwanni, Jambutu da Damilu da Karewa suka tumbatsa. A daidai wannan lokaci Naira sai lalacewa take yi. A 1980 Naira ɗaya ta fi dala ɗaya daraja. Bayan tsarin gyaran tattalin arziki na 1986 ta fara gangara, a farkon 2024 kuwa sai da mutum ya ba da fiye da Naira 1,500 kafin ya sami dala guda. Wanda ya ajiye takardun kuɗi a akwati, da wanda ya mai da su fili, ba sai an faɗi wanda ya tsira ba.

Amma abin lura shi ne, ƙasar ce ke ƙara daraja. Ginin da ke kanta tun ranar da magini ya sauko yake fara tsufa. Kwano yana tsatsa, gara tana cin katako, zafin Maris da Afrilu yana tsaga shafen bango, damina kuma ta biyo ta buɗe tsagar. A ɗauki misali kawai: a ce mutum ya kashe Naira miliyan 20 wajen fili da gini, ya zuba 'yan haya suna biyan miliyan ɗaya a shekara. Shekara 20 ke nan kafin uwar kuɗinsa ta dawo, in har ba ɗakin da ya zauna a rufe, ba gyaran rufi, ba ɗan hayan da ya gudu da bashi. Alhali kuwa mai fataucin shanu ko albasa ko goro yakan juya jarinsa sau da yawa a shekara guda. Duk da hasarar hanya da kuɗin shingaye, kuɗin da ke juyawa a kasuwa shi ne ke ciyar da iyali, wanda aka binne a harsashi kuwa ba ya sayen ko mudun masara.

Mafi muni shi ne ginin da aka tsaya a tsakiya. Duk mai zagaya bayan garin Jimeta zai ga kangwaye sun kai linta, ciyawa ta rufe ƙofofinsu. Galibi masu su sun yi lissafi ne da farashin bara, sai buhun siminti ya tsere musu. A farkon 2024 ya haura Naira 10,000 a wurare da dama. Mai kango ya rage jarinsa a Kudu, bai sami wurin kwana a Arewa ba, bai kuma sami haya ba.

Ga kuma nisa. Daga Ikko zuwa Yola tafiyar fiye da kwana ɗaya ce a mota, saboda haka dole a wakilta wani. Wakilin nan yawanci ɗan'uwa ne, ɗan'uwa kuwa ba a tsare shi da lissafi sai zumunci ya ɓaci. Kafin a ankara ƙanin uba ya tare a ɗaki biyu, ɗan yaya ya buɗe shago a soro, ba mai biyan sisi, ba kuma mai bakin cewa su tashi. Wannan alheri ne mai lada, sai dai kada a rubuta shi a shafin riba. Ranar da kasuwa ta juya baya aka bukaci kuɗi da gaggawa, ba a yanka gida a sayar da ƙafa ɗaya, dillalai kuwa suna jin ƙanshin mai matsuwa tun daga nesa. Wasu sukan kafa hujja da yadda ɗakin haya ya yi wuya a Jimeta a ƙarshen 2014, sa'ad da Mubi ta faɗa hannun Boko Haram jama'a suka yo gudun hijira, amma mai hankali ba ya gina lissafinsa a kan masifar 'yan'uwansa.

To, ashe kada a gina ke nan? Ko kusa. Wanda ya ga abin da ya faru a Shagamu a 1999, da Idi-Araba a 2002, da kasuwar Sasa ta Badun a 2021, ya san darajar ɗakin da za a sauke mata da yara a ciki ba tare da roƙon kowa ba. Tsufa ma yana tafe, ƙarfin ɗaukar kaya da kwana a kan tirela ba ya dawwama. Gida a Yola mafaka ce, kuma ma'aji ne da ke kare dukiya daga faɗuwar Naira. Wanda ya fahimce shi haka zai gina shi daga ribar sana'a, daidai bukatarsa, ɗaki uku da ya san zai iya rufewa kafin damina, ya bar uwar kuɗi tana aiki a kasuwa. In akwai rara, fuloti na biyu da aka kewaye da katanga ya fi bene wanda ba a ƙarasa ba.

Ma'ajin nan ma yana da ɓarayi biyu. Na farko takarda. Tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 filayen birni suna hannun gwamnan jiha ne a matsayin amana, abin da mutum ke riƙewa izinin zama ne, kuma sayarwa ko jinginarwa tana bukatar yardar gwamna. Sa hannun mai unguwa da shaidu biyu yana da amfani, amma bai isa ba. Sai an bi ta ofishin filaye da safiyo, an tabbata ba filin gado ba ne da magada ba su gama rabawa ba, ba a kuma sayar wa wani shi a baya ba.

Na biyu ruwa. Masana Fulatanci sun ce sunan Yola daga kalmar yolde ya fito, wato tudu, a kan tudu kuwa Modibbo Adama ya kafa garin a 1841. Mutanen yau sun sauka kwari saboda araha. Tun 1982 madatsar Lagdo ta ƙasar Kamaru take tare Binuwai, idan ta cika aka sako ruwa gaɓar kogi ce ke sha, kamar yadda aka gani a 2012 da 2022, madatsar Dasin Hausa ta yankin Fufore kuwa da aka ce za ta tare shi ba a kammala ta ba. A watan Yuli na 2025 ruwan sama ya mamaye unguwannin Shagari da Sabon Pegi a Yola, aka rasa rayuka da gidaje. Dillali yakan kai baƙo ganin fili da rani, lokacin da kowace fadama take kama da tudu. Mai son saye daga Kurmi gara ya sa ziyararsa ta faɗo a Agusta ko Satumba, ya taka filin da ƙafarsa bayan an ɗauke ruwa, ya dubi katangar maƙwabta ko akwai zanen da ambaliyar bara ta bari.