Sukurun da ke cikin sif ɗin amarya

1/
A wajen sayen kayan ɗaki kowa kala yake dubawa. Ash ne ko kofi, ƙofa shida ce ko huɗu, madubin yana da fitila? Ba mai tambayar da wane sukuru za a ɗaure kayan. Ni kuwa a ganina shi ne tambaya ta farko kafin a biya ko sisi. 🧵

2/
Gado da sif na yayi da ake lodowa daga Kano ko Gusau zuwa Mafara, Bakura da Maradun, yawancinsu ba katako ba ne. MDF ne ko ɗan'uwansa da 'yan kasuwa ke kira HDF: garin itace da gam aka matse, aka manna masa leda mai sheƙi. Kaurin allon galibi milimita 18, wani 15. A warware yake zuwa, a ɗaki ake haɗawa.

3/
Katakon gaske kamar madaci yana da jijiya, idan sukuru ya shiga sai ta kama shi. MDF ba shi da ita. Fuskarsa da ƙwari, amma gefensa kamar littafi ne, shafi kan shafi. Ka tura sukuru ta gefe ba ka huda rami ba, sai allon ya buɗe biyu daga ciki. Ledar waje ta rufe ɓarnar, ba mai gani ranar jere.

4/
To me ake ɗaure shi da shi a wajenmu? Baƙin sukurun nan siriri da ake aunawa a leda. Wanga sukuru fa don allon silin aka yi shi. Siriri ne, an gasa shi ya yi tauri, idan nauyi ya danne shi ba ya lanƙwasa, karyewa yake. Kansa kuma kamar mazurari, yana nitsewa yana tsaga allo. Ga tsatsa in ya ji damshi.

5/
Kuma mun san yadda haɗin ke gudana. Mota ta iso bayan la'asar, gobe jere, mata na jira a tsakar gida. Yaron kafinta ya ɗauko diril ya bi da gudu, ƙirrr ƙirrr, har sukurun ya riƙa juyawa a banza. Da zarar ya juya a banza, ramin ya mutu ke nan.

6/
Wanda aka ƙera don wannan aiki sunansa Confirmat. Kauri milimita 7, tsawo 50, bakinsa ba tsini, haƙoransa manya. Sai an huda masa rami tukuna: 5 a gefen allon da zai shiga, 7 a allon da zai ratsa. Ba ya tsaga allo don bai ƙwaci hanya da ƙarfi ba, kuma ana iya kwance shi a mayar ya sake kamawa. Galibi da alanki ake ɗaure shi.

7/
Kayan kamfani na Turkiyya da Sin kan zo da wani salon: ɗan ƙarfe zagayayye da ake murɗawa ya janyo allo, tare da 'yan turakun katako. Idan naki irin wannan ne, 'yar'uwa, ki tsaya a kan mai haɗin. Wasu in sun ga zai ci lokaci sai su ajiye ledar gefe su bi da baƙin sukuru.

8/
Tsawo ma magana ne. Na hinjin ƙofa 4x16, in ya wuce haka zai leƙo ta fuskar ƙofa. Allo biyu fuska da fuska, 4x30. Kuma kada a sa sukuru dab da kusurwa, a bar kamar yatsa uku.

9/
Gado kuwa ba aikin sukuru ba ne sam. Inda gefe ya haɗu da kai, boli da noti yake so, ko ƙarfen maƙalawa. Ku tuna gadon Vono na iyayenmu mata. An kwance shi an ɗaura ya fi a ƙirga, yana nan daram a ɗakin kaka. Na yanzu shekara guda ya fara ƙara.

10/
Me ya sa na damu da kwancewa? Don a yankinmu kayan ɗaki ba sa zama wuri guda. Ma'aikaci ko ɗalibin Abdu Gusau Polytechnic yana gidan haya, bana nan, baɗi can. Ga waɗanda rashin tsaro ya tayar daga ƙauyukan Maradun da Bakura suka dawo cikin gari. Sif ɗin da aka ɗaure da baƙin sukuru, kwancewa ɗaya sai ramukan su zama gari. Ta biyu, sai dai a jingina shi da bango.

11/
Kuma wannan kayan dukiyar mace ce. Uba ya yi rani yana ban ruwa a fadamar Bakolori, ya sayar da buhunan shinkafa ya yi wa ɗiyarsa ɗaki. In rana ta ɓaci, shi za ta sayar ta ja jari. Dillaliya kuwa ƙofa take fara jijjigawa kafin ta yi tayi.

12/
Kafintoci za su ce: ku ne ke karya farashi, kuma Confirmat sai an aika Kano, ga bakin diril ɗinsa daban. Gaskiya ne, ban musa ba. Amma ku faɗa wa mai saye, ku ce ga na arha ga na ƙwarai, ga bambancin kuɗin. Wanda ya iya biyan saitin ɗaki ba kuɗin sukuru ne zai gagare shi ba. In ma babu, akwai ruwan-gwal ɗin nan 4x50 da aka yi don irin wannan allo, a huda masa rami kafin a ɗaura. Ya fi baƙin nesa ba kusa ba.

13/
Sai abin da ya fi ba ni tsoro. A 2016 kamfanin IKEA ya janye durowa kusan miliyan 29 a Amurka, bayan wasu sun rikito kan ƙananan yara sun kashe su. Yaro ya ja aljihun durowa ya taka, shi ke nan. Mu nan wa ke ɗaure sif da bango? In ginin bulo ne, a huda a sa fisha da dogon sukuru, biyu daga sama. In ginin ƙasa ne fisha ba ta kamawa, sai a sa kaya masu nauyi a ƙasan sif, a sauke akwatunan da ake jibgawa a kansa.

14/
Wanda nasa ya riga ya saki: ashana da tsinken sakace da ake cusawa a rami na kwana biyu ne. A faɗaɗa ramin zuwa milimita 8, a shafa gam a buga turken katako, ya kwana, a sake hudawa. Sannan a ɗaga ƙasan sif ɗin daga siminti da 'yan ƙafafun roba, don ruwan mofa na kumbura MDF, kuma allon da ya kumbura ba sukurun da zai riƙe shi.