Ido Ne Ke Tuƙa Keke

Masu karatu da dama sun aiko suna tambaya me ya sa filin nan ya yi shiru har wata biyu. To, hannun da ke riƙe alƙalami ne ya karye, keke ne kuwa ya ka da mu.

Wata ranar Lahadi da la'asar muka hau tsohon Raleigh ɗinmu daga Dutsi za mu Shargalle, can bakin hanyar Katsina zuwa Daura, garin gai da wani ɗan'uwa mai bi wanda ciwo ya kwantar. Muka ratse ta wata 'yar hanyar gona wadda muka sani kamar yunwar cikinmu. Sai ga geron wani mutum ya yi kyau ƙwarai, ya fi namu nesa. Muka juya muna kallo, muna lissafin dami nawa zai ɗaure, har da ɗan ƙyashi a zuci, ba ma ɓoye muku. Kafin mu waiwayo tayar gaba ta nutse cikin rairayi, kan keke ya murɗe, muka damƙe birkin gaba, sai ga mu a ƙasa mun tokare da hannun dama.

Maƙwabta suka ce a kira maɗori. Mu dai muka ce a fara ɗaukar hoton ƙashi tukuna. A asibiti aka ga wuyan hannu ne ya karye, aka sa filasta na mako 6, aka kuma yi mana allurar tetanus domin ƙujewar ta sha ƙasar gona mai taki. Iyaye, ku riƙe wannan: ko filasta ne ko karan ɗori, in yatsu suka kumbura, suka yi sanyi ko suka mutu, ɗaurin ya yi tsanani ke nan. A koma a kwance shi nan da nan, kada a jira gobe, gama ta haka yara da yawa suka rasa hannu.

Da aka kai keken gyara, mai faci ya zo yi mana sannu. Ya ce, "Malam, ai ba hannu ke tuƙa keke ba, ido ne." Gaskiyarsa. Duba yaro mai koyo: in ya ƙura wa rami ido don tsoro, cikin ramin zai faɗa. Gwani kuwa can gaba yake duba, inda yake so ya bi, a rairayi ma ba ya taɓa birkin gaba, sai ya ci gaba da taka feda. Muka tuna da Bitrus a Matiyu sura 14. Yana tafiya a kan ruwa lafiya lau, sa'ad da hankalinsa ya koma kan iska sai ya soma nutsewa. Masu huɗa da shanu a ƙasarmu kuma ba sa bukatar a fassara musu Luka 9:62, sun san yadda kunya takan karkace in mai garma ya waiwaya.

Muna tsammani mun gama koyon karatun ke nan. Ashe da saura. Jiyya ta fi faɗuwa wuya. Ga maimai ya yi, ba hannun riƙe fartanya. Tuwo ma sai da cokali a hannun hagu. Idon da ya bar hanya ya bi geron wani, yanzu sai ya koma kan filasta, safe da yamma. Addu'armu ta iyali ta zama ta hannu kaɗai. Kowa ya shigo, labarin rairayi za mu ba shi. A mako na huɗu uwargida ta ajiye mana kunu, ta ce, "Maigida, wanda ka tashi gaisarwa a Shargalle fa, ka ko tambayi jikinsa?" Ba mu tambaya ba, ko sau ɗaya. Kunya ta rufe mu. Daren nan muka karanta Ibraniyawa sura 12 tare da yara, inda aka nuna wa mai tsere wanda zai zuba wa ido, watau Yesu, muka kuma sa sunan ɗan'uwan a gaban namu cikin addu'a.

Da aka cire filasta hannun ya rame, ya sandare. Kullum mukan tsoma shi cikin ruwan ɗumi, muna murɗa shi kaɗan kaɗan, muna matsa lemun tsami a tafi har yatsu suka saki. Tsoro ne ya fi daɗewa. Ran da muka sāke hawa, gwiwa na rawa, muka bi ta hanyar nan dai. An riga an yanke geron, ba mu kuwa tsaya ƙidaya dami ba. Muka iske ɗan'uwan zaune a kan tabarma, ya sami sauƙi. Tun ba mu gama sallama ba ya kama hannunmu yana dubawa, ya ce tun ran da ya ji labari bai fasa yi masa addu'a ba.