Rera Gaɓoɓi Ba Ya Koyar da Doguwar Kalma

Kalmar pneumonoultramicroscopicsilicovolcanoconiosis, mai haruffa 45 da gaɓoɓi 19, ta shahara da tsawo a ƙamusoshin Ingilishi. An ƙirƙire ta a Amurka a 1935 don nuna gwaninta, likitoci kuwa silicosis suke cewa.

A ganina, kuskure ne malami ya koyar da irin wannan kalma ta hanyar rera gaɓoɓinta kawai. Gaɓar Hausa ba ta farawa da baƙaƙe biyu a jere, shi ya sa ɗalibi Bahaushe kan saƙala wasali a cikin tra da cro, kamar yadda aka yi wa kalmar burodi. Yakan kuma furta p na farko, alhali Bature ba ya furta shi. Hadda ba ta magance wannan.

Ya kamata a fara da ƙirar kalmar: pneumono huhu ne, ultramicroscopic ƙanƙanta matuƙa, silico sinadarin yashi, volcano dutse mai aman wuta, coni ƙura, osis kuwa cuta. Ɗalibin da ya san waɗannan sassa shida zai san inda zai dakata, kuma zai gane pneumonia da tuberculosis ranar da ya gamu da su.