Zuwa Ga Masu Gidajen Haya a Birnin Kebbi da Argungu



Maganar funfuna ce ke tafe da ni. Kowa ya san abin da watan Agusta ke yi wa gini a bakin fadamar Rima: ƙasa ta ƙoshi da ruwa, bulo ya tsotse shi, filasta ta kumbura, baƙi-baƙi ya feso a bayan katifa. Ba sai an yi ambaliya irin ta 2020 ba, damina kaɗai ta isa.

Idan ɗan haya ya kawo kuka, don Allah a daina cewa ƙazantarsa ce, a kuma daina tura mai fenti tun ba a ga ɗakin ba. Shafa fenti kan jiƙaƙƙen bango rufe tukunya ne da wutarta a ƙasa. Kafin kaka ya ɓare, kuɗinku sun tafi a banza. Alhaji, taka da kanka ka nemo mafarin ruwan. In tabon daga silin ya gangaro, kwano ne ke yoyo, aikin kafinta ne. In daga ƙasa ya hauro har gwiwa, a duba kwatar da ta toshe, da indararon da ke zuba a gindin bango, da bututun banɗaki. Wani ginin ma tun a harsashi aka ƙi shimfiɗa ledar tare danshi, don tsimin da bai taka kara ya karya ba.

Sai an tsayar da ruwan sannan a kankare filastar, a bar iskar hunturu ta busar da bangon, a sake shafe. Silin da ya ruɓe kuwa cire shi ake yi.

Ɗakunan da kuke jerawa don ɗaliban Kwalejin Waziri Umaru da ta Adamu Augie sun fi ba ni tausayi: mutum huɗu, taga ɗaya, risho da shanya duk a ciki. A fasa taga ta biyu a sa raga. Funfuna na tayar da asma, tana hana yara barci da tari, ga kuɗin magani a kan wanda ya riga ya biya ku hayar shekara cif.

In kuma ɗan hayan ne ya yi gyaran da saninku, a rubuta abin da ya kashe a gaban shaidu, a cire masa a kuɗin baɗi.

Wassalam.